Agogon Fotso a Ɗakin Duhu

Da tsakar rana a Yawunde, Eyenga ta rufe ɗakin gwaji, ta liƙe kowace kafa da baƙin salatif. Na'urarta tana ƙirga haske ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta faɗo sai lasifika ta ce ƙas. A bakin na'urar akwai gilashin da ba ya barin haske ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska ɗaya. Ta juya shi a hankali don ya tare hasken 'yar fitilar gwajinta, ƙarar ta yi ta raguwa. Ya kamata ta ɗauke ɗif, amma ta ƙi.

"Na'urar nan taki ƙarya take shararawa, 'yar'uwa," in ji abokin aikinta Fotso.

"Matsa baya, sarkin surutu."

Ya matsa, aka ji tsit. Da ya dawo, sai ƙas, ƙas.

"Me ke hannunka?"

"Agogon marigayi babana. Ai lambobinsa sun daina haske tun ina saurayi."

Ta lalubo hannunsa, ta zura wa agogon ido. Ba ta ga komai ba. Ta kusanto da shi bakin na'urar, ƙarar ta ƙaru.

"Ba su daina ba, Fotso. Saurara."