Lamba Sha Tara, Ba Kowa

"To wannan da ke tsaye a gabanki aljana ce?" Mama ta faɗa, ta turo Auta gaban tebur.

Shugabar makarantar ba ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta yi musun akwai yarinya ba, takarda ce ta yi. Ta juyo takardar wajen Mama, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya: gida mai lamba sha tara, ba kowa. Mama ta ce shekararta shida a gidan nan, a cikinsa ta yi wankan jegon yarinyar, in kuwa ba kowa ne a ciki, to wa yake cika kwandon shara? Wani a bayanmu ya yi dariya. Ni ina tsaye jikin ƙofa, riƙe da takardar haihuwar Auta.

Unguwarmu ta kwana ce. Da asuba motoci su kwashe mutane zuwa cikin gari, da magariba su dawo su juye su. Tsakanin nan sai kwaɗo a ƙofa da shanya a igiya. Gidaje suna ta ƙaruwa, firamare kuma ɗaya ce tal. Bara hukuma ta ce za ta ƙirga mu, don a san yara nawa za su shiga aji ɗaya. Aka ɗauki irinmu da muka gama sakandare muna zaune, aka ba mu riga da allon rubutu. Ƙa'idar a bayyane take. A fara takwas na safe, a tashi ƙarfe huɗu. Ka ƙwanƙwasa sau uku, ka dawo washegari. In ba a buɗe ba, ka rubuta ba kowa. Kuma ba mai ƙirga layinsu, don kada a yi son kai.

Ni aka ba layin bayan tankin ruwa. Gida talatin da ɗaya na rubuta wa ba kowa, har da wanda na hango takalman yara jere ta ƙasan ƙofarsa. Na gaya wa mai duba aikinmu, ya ce ba takalma aka aike ni ƙirgawa ba.

Layinmu kuwa Dogo aka ba, wanda muka yi aji ɗaya da shi. Ranakun da ya zo, Mama tana wurin ɗinki a cikin gari, Auta tana gidan gwaggo, ni ina can ina buga ƙofar wasu. Bai san gidanmu ba ne. Ko da ya sani, ban ga abin da zai canza ba.

Da lissafinmu aka buɗe azuzuwa biyu, kujera tamanin. Ranar rajista iyaye suka cika farfajiya har bakin titi.

Mama ta sauke murya, ta koma roƙo. Ta ce makarantar da ke bin wannan kusa sai an hau mota biyu, ita kuma tana fita tun duhu, yarinyar shekara shida ba za ta iya ba. In ta rasa bana, sai zaman gida har baɗi. Shugabar ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce tun safe ake zaginta kan aikin da ba ita ta yi ba, ita ma da za a bi takardar nan, maƙwabtanta duk sun mutu.

Sannan ta ce akwai hanya ɗaya. In wanda ya ƙirga layinku ya zo da kansa ya sa hannu cewa kuskure ne, a rubuta yaro.

"Kujera biyu suka rage, Hajiya," ta ce. "Wanda ya riga kawo nasa, shi ke da su."

Na fita baranda na kira Dogo. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Yana wajen kawunsa, yana koyon gyaran janareta a wani gari. Ya ce sai jibi, in an bar shi. Na dawo na raɗa wa Mama. Ta ce jibi ma rana ce, in dai ba a riga mu ba.

Mutumin da ya yi dariya ɗazu ya matso gaban tebur. Direba ne, da makullin mota rataye a yatsa, ya ce rabin yini ya ajiye aiki don wannan. Tagwaye yake riƙe da su, mace da namiji, an yi wa namijin sabon aski. Shugabar ta bi takarda da biro har ta samo gidansa. Ba kowa. Na leƙa ta saman kafaɗarsa. Rubutuna ne, da sa hannuna a ƙasan shafin, irin wanda na ɓata hutu guda ina koyo, ba mai iya karanta shi.

Shugabar ta maimaita masa abin da ta gaya mana. Ya gyaɗa kai, kamar abin mai sauƙi ne. Mama ta kama tsintsiyar hannuna ta riƙe, ba ta kalle ni ba. Auta tana leƙen tagwayen, ta miƙa wa macen murfin birona.

Direban ya juyo ga mutanen da ke cikin ofis, da na baranda.

"Don Allah, 'yan'uwa, wa ya san yaron da ya ƙirga layin bayan tanki?"