Gashin Floridalma

Ana cikin tafi Doña Eulogia ta hau gaban coci tana dafa gwiwa, Fada Nicanor ya miƙa mata takardar yabo. Ranar karrama masu aikin sa-kai ce. An riga an kira masu shara da masu dafa tamal, wato alalar masara, da tsohon da ke kaɗa ƙararrawa, kowa da takardarsa iri ɗaya, suna kawai aka canza.

"Shekara talatin da huɗu tana sa wa Uwarmu Maryamu tufafi," in ji Fada. "Yanzu lokacin hutunta ya yi. Daga yau Doña Maritza za ta karɓa."

Tafi ya ƙaru. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ita ba rigunan ne damuwarta ba. Gashin da ke kan mutum-mutumin Maryamu na 'yarta ne, Floridalma. Da hannunta ta yanke shi a asibiti, kwana biyu kafin yarinyar ta rasu, domin ita ta roƙa a kai wa Uwarmu. Tun daga nan, kowace Asabar Eulogia takan kulle kanta a ɗakin tufafin coci, ta shafa masa mai, ta taje shi a hankali tana ba shi labarin gida. Abin da ya rage mata ke nan a duniya.

Da aka tashi, jama'a suka cika farfajiya suna shan kunun masara. Maritza, matar mai kantin magani, ta leƙo ta tagar ɗakin tufafi.

"Mama, taimaka mana mana! Wannan abu sai zamewa yake yi."

Eulogia ta shiga. An sauke mutum-mutumin a kan tebur, kansa ƙwal. Maritza na riƙe da sabon gashin roba da ta sayo a babban birni, yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa.

"Ina na da?"

"Ga shi can a leda. Haba Mama, ai ya tsufa! Baƙi na ɗaukar hoto, mu ke jin kunya."

Ranta ya yi baƙi ƙirin, amma hannuwanta suka yi abin da suka saba. Ta kafa allurai bakwai, ta gyara mayafi, gashin roba ya zauna daram. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ledar ta rungume.

Fada ya shigo da kofi a hannu. A shekaru ta haife shi, amma ya ce, "Ina za ki da wannan, 'yata?"

"Gida, Fada. Na Floridalma ne."

"Wace ce Floridalma?"

Ta faɗa masa. Ya saurara, har ya ajiye kofin, don shi ba mugu ba ne, mutum ne mai bin ƙa'ida.

"Allah ya ba ta hutawa. Amma abin da aka ba Uwarmu ya zama nata, kuma an sa masa albarka. Ba ya komawa gida, ba a jefa shi a shara. Ƙonawa ake yi, a binne tokar."

"To a ajiye shi a nan, in riƙa zuwa ina tajewa."

"Ke da muka ce ki huta?" in ji Maritza tana dariya.

Fada ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe, ya samo wata karramawar.

"Ai ba wanda ya cancanci wannan aiki sai ke. Ki yi shi a bayan coci, wajen furanni."

Eulogia ta dube shi. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa cewa a'a a ɗakin nan ba, yau da ta nemi kalmar sai bakinta ya ƙi. Maritza ta lalubo ashana cikin kwalin kyandirori ta damƙa mata. Ta karɓa, ta juya da ledar a ƙirji.

Ta kai bakin ƙofa Maritza ta kira ta.

"In kin gama ki dawo da ashanar, Mama. Ita kaɗai ce ta rage mana."