Rufi Ɗaya, Makarantu Biyu

Darlene Hatcher ta tura bokiti na ƙarshe cikin ɗakin ajiya ta danne ƙofar da kafaɗa. Ta ɗaga kai ta duba silin barandar, inda jiya aka shafe tabon ruwa da farin fenti. Ya yi fes, sai dai wari.

"Malama Darlene, anya?" in ji Nell, sakatariyarta, tana jera farantai. "Mutanen nan ɗigar ruwa suka zo gani, ke kuma kin yi wa gini kwalliya kamar amarya."

"Baƙi ne, Nell. Uwata ba ta taɓa barin baƙo ya ga datti a gidanta ba."

Shekaru da yawa shugabannin gunduma masu riƙe da kuɗi da hukumar makarantu mai kashe kuɗin ba sa ga maciji. Bana suka shirya. Suka yarda za su shiga motar makaranta guda, su duba firamare biyun da rufinsu ya lalace, su zaɓi ɗaya, domin abin da ke hannu na rufi ɗaya ne. Ɗaya ta Darlene ce. Ɗayar kuwa ta Glenda Sizemore.

Tun suna kwalejin malamai Glenda ke gabanta. Ita ta fara samun shugabanci, ita aka ba lambar yabo, ita ake kira ta yi jawabi a coci ranar buɗe makarantu. Ko kek ɗin dankalinta aka fi yabawa. Darlene ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun da aka ce shugabannin makarantun biyu za su bi zagayen, ta ƙudurta Glenda ba za ta ga bokiti ko ɗaya a barandarta ba.

Motar ta tsaya. Buford Tate, shugaban gunduma, ya sauko yana dafa gwiwa.

"Wanda ya ƙera kujerun nan bai san akwai masu tumbi ba," ya ce.

"Ka ba mu kuɗin sabuwar mota mana, Buford," in ji Misis Opal Yancey, shugabar hukumar makarantu. Kowa ya yi dariya. Da a bara ne, a kan wannan maganar sai an tashi taro.

Glenda ce ta sauko a ƙarshe, cikin tsohuwar rigar ruwa. Ta sumbaci Darlene a kunci, ta shaƙi iska, ta kalli silin.

Aka zaga azuzuwa. Yara suka yi waƙa. Aka ci soyayyar kaza da burodin masara, aka sha shayi mai ƙanƙara. Buford ya ƙara faranti.

"Ni dai ban ga makarantar da ake kula da ita kamar wannan ba a faɗin gundumar nan," ya ce yana goge baki. "Glenda, ki riƙa zuwa kina ɗaukar darasi."

"Zan zo, ranka ya daɗe," in ji Glenda.

Darlene ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Wani daɗi ya ratsa ta har yatsun ƙafa. Shekara talatin tana jiran wani ya faɗi haka a gaban Glenda.

Bayan azahar suka isa ɗaya makarantar, can bayan injin katako. Tun daga ƙofa warin danshi ya tare su. Bokitai a jere, har da tukunyar kicin. Wani gefen silin ya rufto, an kewaye wurin da kujeru. Buford ya taka jiƙaƙƙiyar tabarma, santsi ya kwashe shi, sai da Misis Yancey ta cafke masa hannu.

"Ka ga amfanin zaman lafiya da hukuma?" ta ce.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon yaran da ke karatu sanye da rigunan sanyi.

Darlene ta lura rufin nan bai fi nata lalacewa ba. Nata ma ya fi, domin a ajin Malam Dwight ruwa na bin wayar wuta, abin da ta rufe da taswirar duniya. Ta dubi Glenda, wadda ke raba wa baƙi ruwa da busasshen biskit ba tare da ta ba da haƙuri ba, kowa kuma na ce mata sannu da ƙoƙari. Ko tsiyar ma Glenda ta fi ta iya nunawa.

Suka taru a ɗakin cin abinci. Ƙuri'a sai ranar Litinin, amma a nan ake gama magana.

"Ina ganin babu gardama," in ji Buford. "Sai dai mu ji ta bakin Darlene, kada a ce an yi son kai. Yarinyata, rufinki zai iya jiran zagaye na gaba? Ba kusa ba ne fa."

Misis Yancey ta gyara tabarau. "Darlene, a watan jiya kin ce min..."

"Ki bar ta ta yi magana, Opal."

Kalma kaɗan ake buƙata. Da za ta ce su koma makarantarta, ta cire taswirar, ta buɗe ɗakin ajiya, shi ke nan. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan Glenda. Glenda na kallonta, tana ɗan gyaɗa mata kai a hankali, alamar ta faɗa, kada ta ji komai. Babu mugunta a fuskar. Tausayi ne zalla, irin wanda babba ke yi wa ƙanwa.

Darlene ta miƙe kafaɗa.

"Zai jira," ta ce. "Mu muna kula da namu."

Buford ya buga tebur. "Kun ji ko! Da kowa haka yake, da mun huta." Ya miƙa wa Misis Yancey hannu, suka gaisa, aka tafa.

A bakin ƙofa Glenda ta riƙo gefen rigarta.

"Haba, Darlene," ta ce a hankali.

"Ina taya ki murna, 'yar'uwa."

Darlene ta riga kowa shiga mota, ta zauna a kujerar gaba. Har suka wuce injin katako tana tunanin yadda za ta gaya wa Malam Dwight ya kwashe yaransa zuwa ɗakin karatu kafin sanyi ya shigo.