Baƙin da Tokie Ta Goge

Ruwan bokitin ya koma baƙi ƙirin. Tokie ta matse tsumman, ta dube shi, ta ja tsaki. "Dubi ƙazanta! Kuma a nan mutum yake zama yana shan shayi."

Bayanta na ciwo, gwiwoyinta na ƙara, amma sharar ƙarshen shekara ba ta san tsufa ba. Ta wanke tagogi, ta goge murhu, ta kakkaɓe tabarmin ɗakuna, saura ɗakin nan kaɗai, wanda mijinta Shozo Oikawa ya hana ta taɓawa tun da ya yi ritaya. Teburi ne ya cinye ɗakin kaf, a kansa kuma ƙaramin samfurin filin haɗa taragan jirgin ƙasa na garin Iwamizawa, kamar yadda yake lokacin da Shozo ke saurayi yana ɗanewa taragan kwal da tuta a hannu. Da kansa ya ƙera komai. Rumfar kawunan jirage ta kwali ce, tankin ruwa murfin kwalbar magani ne, shingen kuwa tsinken sakace ya yanka ɗaya bayan ɗaya ya manna da gam. Duk ginin da ke wurin bai wuce a ɗora shi a tafin hannu ba.

Tun bazara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya daina aiki, magana ta koma ɗaiɗai. Ba ya kallon talabijin, ba ya karanta jarida. Abu ɗaya ne ke tashinsa daga shimfiɗa: kullum da safe yakan dogara sanda ya ja ƙafa zuwa ɗakin nan, ya zauna yana kallon teburin. Da wannan Tokie take riƙe da shi a gida. Ɗansu Takuma ya riga ya samo masa wuri a gidan kula da tsofaffi a Sapporo, kuma gobe zai iso hutun sabuwar shekara. A waya ya ce mata, "Mama, in na zo na tarar Baba a kwance, ba ci ba motsi, magana ta ƙare. Ke ma fa ba yarinya ba ce, kar ku faɗi ku biyu." Ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Shi ya sa yau, da motar asibiti ta ɗauki Shozo zuwa motsa jiki, Tokie ta ce bari ta gyara ɗakin, Takuma ya zo ya ga ubansa zaune a wuri mai tsabta.

Ta kuwa gyara. Ta naɗe tsumma a ɗan yatsa ta bi rufi bayan rufi, bango bayan bango. Baƙi ya fita, ja-ja mai kama da tsatsa ya fita, har jikin taragai sai da ta goge suka yi sheƙi. Da ta gama ta ja baya ta riƙe ƙugu. Filin ya yi fes kamar yau aka sayo shi daga kanti.

Da tsakar rana aka dawo da Shozo. Ko rigar sanyi bai tuɓe ba ya nufi ɗakin, ƙwas, ƙwas, da sandarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye.

"Ka ga yadda ya yi haske, Baban Takuma?" in ji ta daga bayansa. "Sai da na canza ruwa, don datti."

Ya matsa, ya shafa rufin rumfar da yatsan hagu, ya ɗaga yatsan yana dubawa. Ba komai a jiki. Leɓensa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Ba... nan ba ne."

"Ina ne ba nan ba?"

Ya juya ya koma shimfiɗarsa ya kwanta da rigar sanyin, ya ba bango fuska. Ta kawo shinkafa da miyar miso da gasasshen kifi, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ko kallon farantin bai yi ba. Shekara hamsin da wani abu suna tare, ta san fushinsa mai tsawa, ta san mai gunaguni. Wannan shirun ne ba ta sani ba, kuma ya tsorata ta.

Ta sa takalman dusar ƙanƙara ta fita tashar bas. Wuri ɗaya ta sani da za a gaya mata abin da ta yi, shagon Kuramochi mai sayar da kayan ƙera ƙananan jirage da gidaje, da ke bayan tashar jirgi, inda Shozo ya yi shekaru yana kai kuɗin fanshonsa. Bas ɗin cike yake da mata masu jakunkunan cefanen sabuwar shekara, wata yarinya ta tashi ta ba ta wuri, ta zube a kujerar ko godiya mai kyau ba ta iya yi ba.

Kuramochi yana sunkuye da gilashin ƙara gani a goshi, yana manna wa wani ɗan gida taga. Da ya gan ta ya miƙe. "Af, uwargidan Oikawa da kanki? Lafiya dai? Yaya jikin maigidan?"

Ta gaya masa. Tun tana tsakiyar magana ya dafe kai da hannu biyu.

"Da ruwa? Jiƙaƙƙen tsumma?"

"To da me ake goge datti?"

"Wayyo ni! Uwargida, ai ba datti ba ne, aiki ne. Alli mai launi yake gogawa a samfefa ya zama gari, ya ɗiba da buroshi ya bi ko'ina, nan hayaƙi, nan tsatsa, nan inda mai ya ɗiga. Na yi ta ce masa ya fesa abin da zai kama garin ya zauna, ya ce a'a, feshi yana kashe launi. Taurin kan mijinki ai ba sai na gaya miki ba. Shekara da shekaru yana zuba baƙin nan, kin kwashe shi kafin a gama dafa shinkafa."

Tokie ta nemi kujera ta zauna. Gajiya ta sauko mata gaba ɗaya, sai kuma haushi ya biyo baya. "Wato da gangan? Ni da na ƙare ƙuruciyata a gidajen ma'aikata a bakin filin nan, ina yaƙi da kunkunniya? A cikin shinkafa kunkunniya, a hancin jariri kunkunniya, ka shanya wanki ka juya baya ya koma toka-toka. Hannuna har tsagewa suke yi a ruwan sanyi. Ranar da aka daina jiragen hayaƙi har rawa na taka a madafa. Ashe shi kewarta yake yi, har ya sayo ta da kuɗi ya kawo min cikin gida!"

Kuramochi ya so ya yi dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye. Ta ce ya taimaka ya zo ya mayar, ko da rabi ne, kafin gobe. Ya girgiza kai.

"Ba ƙi na yi ba. Ni daga kudu na zo, kafin in iso garin nan an riga an kwashe layukan dogon. In na yi, baƙi kawai zan shafa, kuma zai gane tun daga bakin ƙofa. Sai wanda ya ga wurin da idonsa." Ya ɗauko ɗan kwalin alli da buroshi mai laushi da guntun samfefa ya tura gabanta. "Kaɗan-kaɗan ake yi. In kin ga kamar bai isa ba, to ya isa."

A hanyar dawowa bas ya bi ta gefen inda filin yake a da. Ta goge tururin gilashi da hannun riga ta leƙa. Fili ne kawai, dusar ƙanƙara ta rufe shi fari fat, ko sawun kare babu. Ta kau da kai.

Duhun hunturu ya fara sauka tun da la'asar. Shozo na nan yadda ta bar shi, abincin ya huce. Ta ɗaura farin gyauton aikinta, ta shiga ɗakin teburin, ta bar ƙofa a buɗe. Ta goga baƙin alli a samfefa, gari ya zubo a faranti, wani ya zube a tabarmar da ta kakkaɓe da safe. Ta runtse ido ta ƙyale shi. Ta ɗiba da buroshi ta dangwala a rufin rumfar, ya yi dabbare-dabbare kamar yaro ya yi wasa da gawayi.

"To, ga dattinka nan," ta ce da ƙarfi yadda zai ji. "Tunda shi kake so. Bari in yi wa tankin ruwan ma baƙi, daga sama har ƙasa."

Ta ci gaba da shafawa tana mita. Wuyanta ya ƙage, idanunta suna ruwa, ta fara tunanin ko ta haƙura ta je ta haɗa masa kayan da zai tafi da su Sapporo. Sai ta ji ƙwas. Can kuma, ƙwas.

Ba ta waiwaya ba. Numfashinsa ta ji a bayanta.

"Tanki... ba baƙi ba. Tsatsa. Daga baki... ta gangaro."

"Ai sai ka faɗa." Ta ɗauki jan alli.

"Rumfa... saman ƙofa. Inda hayaƙi ke fita."

Ta yi yadda ya ce. Ya jawo kujerarsa ya zauna, yana nuni da sanda, tana bi. Da suka zo kan bangon ofishin masu tuta ya ce ta yi baƙin a gabas, ta ajiye buroshi.

"Haba, Baban Takuma! Gabas? Iskar garin nan daga ina take busowa? Ni za ka gaya wa? Bangon da ke kallon rumfa shi ne baƙi, ɗayan har farar ƙasarsa ana gani."

"Gabas!"

"Kai kana can kana lilo a jikin tarago, ni ce nake tsaye ina kallon inda hayaƙi ya nufa kafin in fito da wanki."

Ya harare ta da ido ɗaya, ya fizge buroshin da hannun hagu. Gari na zuba a gwiwarsa, amma ya kai shi bangon, kuma bangon da ta ce ɗin ya shafa. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Suna cikin haka waya ta yi ƙara. Ta ɗauka da yatsu biyu don kar ta ɓata ta. Takuma ne, yana tambayar ko akwai abin da zai taho da shi, da kuma yaya Baba, ya ci abinci? Kafin ta amsa Shozo ya daka tsawa daga ɗaki, "Ja! Kawo ja!"

"Mama, wa ke ihu haka?"

"Ubanka ne, wa kuma? Ka taho da tsofaffin kaya, akwai aiki. Kar ka zo min da farar riga." Ta kashe wayar.

Da ta koma ta tarar ya daina shafawa, yana kallon kusurwar teburin. Rabin filin ya koma yadda ta san shi, ɗauke da baƙi da tsatsa, har ta ji kamar warin kwal a maƙogwaro. A can bayan shinge akwai jerin ƙananan gidaje, a bayan na ƙarshe an ja zare tsakanin tsinke biyu, an rataya 'yan guntayen takarda masu laushi, ga wata 'yar mace da ba ta kai ƙwayar wake ba ta ɗaga hannu sama. Da safe ta bi ta wurin da tsumma, ba abin da ya fita, ta wuce ba ta ko kula ba. Yanzu da kewayen ya yi duhu, 'yan takardun sai haske suke yi, ido ba ya iya sauka ko'ina sai a kansu.

"Da komai... ya yi fari," in ji Shozo, "ba a ganinsu."

Tokie ta sunkuya ta ƙura ido. Gidansu ne na da, har da karyayyen matakalar baya. Ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma faɗa.

"Ƙarya ka yi a nan. Zannuwan gadona ba su taɓa yin fari haka ba, ko sau ɗaya. Ni na wanke su, na sani." Ta dangwali garin da ɗan yatsa ta miƙa hannu wajen zaren. "Bari in gyara maka, tunda gaskiya kake so."

Ya tare hannunta da nasa na hagu. Riƙon ba ƙarfi, da ta so da ta ƙwace.

"Daga kan tarago," ya ce, "haka... nake hangowa."

Ta tsaya da yatsa a sama. Can ta janye shi a hankali, ta duba ko'ina ba ta ga tsumma ba, ta goge shi a farin gyautonta.

"Miyar ta huce," ta ce. "In ɗuma?"

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan teburin. "Kawo nan."