Farantin Malam

Matakala talatin da huɗu ne daga ƙofar gida zuwa ɗakina. Da can ban taɓa ƙirga su ba. Yanzu gwiwata ta dama ce ke ƙirga mini su, tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Likitar ƙashi yarinya ce, sa'ar autata. Ta ɗaga hoton gwiwar ta nuna mini inda ƙashi ke gugar ƙashi, ta ce sai an sa ta ƙarfe. Sannan ta ce in hau ma'auni. Na hau, allurar ta zura da gudu kamar an aike ta.

"Mama, aikin zai yiwu," in ji ta. "Amma da wannan nauyin, wurin da aka yanka yana iya ruruwa ko ya daɗe bai warke ba, sabuwar gwiwar ma ta gaji da wuri. Ki rage kilo goma, sai mu sa rana."

Babban ɗana kuwa ya riga ya gama magana: in shekara ta ƙare ban iya hawa matakala ba, zan koma gidansa, a mayar wa mai gidan da nake haya makullinsa. Yaron kirki ne. Amma a ɗakin nan na yi shekara talatin da mijina, Malam, kuma kujerarsa tana bakin taga har yau, shekara biyu da rasuwarsa. Ba na son barin ɗakin, ko kaɗan.

Na bar sukari, na bar soye-soye, na dinga zagaya tebur da sanda. Bayan wata guda ma'auni ya ce rabin kilo. Don haushi har na ce wa mai kantin magani ma'auninsa ya tsufa.

Likita ta ba ni ɗan littafi, ta ce in rubuta duk abin da na kai baki. Da na mayar mata, ta bi shi da biro, ta tsaya.

"Mama, me ya sa komai sau biyu? Shinkafa faranti ɗaya, ga kuma wata faranti ɗaya."

"Wancan ba nawa ba ne, 'yar nan. Na Malam ne."

Sai na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba. Nakan zuba nasa in rufe, in ajiye a gabansa, in ci nawa ina ba shi labarin maƙwabta. Idan ya huce, sai in jawo in cinye, don Malam ya tsani a zubar da abinci.

Ta ajiye biron. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Washegari na auna gwangwani ɗaya. Na wanke farantinsa, na goge, na kife shi a can saman kabad. Na zauna na ci, babu wanda zan ba labarin maƙwabta. Ashe teburin nan babba ne.

Wata biyar, kilo goma cif. An sa mini ranar aiki, ɗana ya janye maganar tashi. Na hau matakala a hankali da takardar a hannu, na buɗe ƙofa, na ce, "Malam, albishirinka!"

Ɗakin dai na riƙe shi. Amma tun ranar da na kife farantin nan na san ni kaɗai ce a ciki.