Gurbin Nauyi

Shekara ashirin da biyu ke nan da Baba ya zana wa wani kamfanin aika kaya fuskar manhajarsu, baƙin allo da koren rubutu. Yanzu ya yi ritaya, kamfanin kuma ya ba autarsa aikin sabunta ta. Ranar Talata da hantsi ta ɗauko shi zuwa ofishinta, wai ya zo ya sa albarka.

Ya zauna gefenta, ya gyara tabarau. A zamaninsa takarda mai gida-gida yake shimfiɗawa, layi ashirin da huɗu, gida tamanin, ya bi da bakin fensir. Kowane gurbin da za a cike a allo sai ya rubuta masa lambar layi da ta gida. Sannan ya ba kwamfuta umarni, ya je ya sha shayi, ya dawo ya tarar "Sunan mai karɓa" ya hau kan "Gari".

Auta kuwa linzamin kwamfuta kawai ta kama. Ta jawo gurbi daga gefe, ta sake shi a tsakiyar allo, sauran suka matsa masa kamar fasinjoji a kan benci.

"Tsaya, tsaya! Wa ya ce su matsa?"

"Su suka ga dama, Baba."

Ta miƙa masa wayarta. Ga fuskar nan a ciki, ta tsuke, guraben sun jeru wani bisa wani. Ta canza launin maɓalli a kwamfuta, na hannunsa ya canza kafin ya ƙifta ido. Saura ƙiris ya yar da wayar. Can kuma sai ga wata 'yar jar kibiya tana yawo a allo, alhali hannun Auta na kan cinyarta.

"Abokiyar aikina ce," in ji ta. "Tana gida tana jego. Tare muke zanawa."

Baba ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! In da ranka ka sha kallo."

Ya ƙura wa allo ido. Sai ya nuna da yatsa. "Nauyin kaya kika kai ƙarshe?"

"Ya fi kyan gani a nan."

"Kin taɓa tsayawa a kantar kamfanin? Kaya na zuwa, sikeli ake fara ɗora su. In ma'aikaci bai shigar da nauyin nan take ba, na baya ya jibga buhunsa, lamba ta gudu. Ni ma can na fara sa shi, ma'aikata suka kusa cinye ni ɗanye. Kwana tara na yi ina gyara, don gurbi ɗaya ka taɓa, sai ka sake wa duk na ƙasansa lamba."

Auta ta dube shi, ta dubi allo, ta tura masa linzamin. "To bismillah, gyara."

Ya kama linzamin. Karon farko tambarin kamfanin ya cafko, ya kai shi can ƙasa. Ta tuntsire da dariya, ta danna maɓalli ɗaya, tambarin ya koma mazauninsa. Karo na biyu ya kama gurbin nauyi, ya ja shi a hankali, numfashi a riƙe, ya sake shi a sama. Komai ya zauna daram.

"Shi ke nan?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Shi ke nan."

Ya cire tabarau ya goge ido. Auta ta fita baranda ta kira manajan kamfanin, ta nemi izinin wuni a kantarsu gobe. Da ta dawo, Baba ya janyo kujerarta ya zauna, yana neman inda ake ƙara girman rubutu.