Sauron Seu Genivaldo

A gangaren garin Olinda, inda titunan dutse ke sauka zuwa teku, Seu Genivaldo ya tsufa yana ƙera manyan mutum-mutumin da ake yawo da su a Kanabal, bikin kiɗa da rawa na kan titi da ake yi duk shekara. Da gora da takarda da sitaci yake yin su, kowanne ya yi tsayin mutum biyu. Ya yi 'yan ƙwallo, ya yi limaman coci, har surukarsa ya taɓa yi, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba.

A shekarar da zazzaɓin denge, wanda sauro ke yaɗawa, ya kwantar da rabin unguwar, sai ga wata mai bincike daga jami'a, Dakta Lindalva, da farar mota cike da kwalaben sauro. Ta ce sakin su za ta yi. Akwai wata ƙwayar halitta a jikinsu da ke hana cutar zama, in suka hayayyafa da na gida, zuriyarsu ma za ta gaje ta. Ba a bari ta kai aya ba. Dona Zefinha mai wainar rogo ta watsa wa tayar motar ruwan wanke-wanke, wasu suka ce gwaji ake son yi a kan talakawa. Genivaldo na cikin masu korar, don jikarsa ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba.

Bayan 'yan kwanaki Lindalva ta dawo a ƙafa, ba mota. Ta shiga rumfarsa ta roƙi ruwa, ta ce ita ma 'yar nan ce, daga unguwar Peixinhos, a kafaɗar babanta ta fara kallon aikinsa. Ba ta yi masa gardama ba. Madubin ƙara girma ta fitar daga jaka, ta ɗora a kan teburin fenti, ta sa sauro ɗaya a ƙarƙashinsa, ta ce ya leƙa ya ga fuskar abokin gabansa.

Ya leƙa don kunya kawai, amma ya kasa ɗagowa. Ƙafafun da zobe fari da baƙi kamar safar 'yan ƙwallo. A gadon baya wani zane kamar an ja shi da ruwan azurfa. A kai kuwa gashi ne buzu-buzu irin na jimina. Ta ce wannan namiji ne, ba ya cizo, ruwan fure yake sha.

"Ashe har a sauro mata ne masu faɗa," in ji shi.

Ta ce za ta kai wa Dona Zefinha wannan magana, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Sai ya gyara zama ya tambaye ta ko ta tabbata da aikinta.

"Seu Genivaldo, ba zan ce maka denge zai ƙare ba. Zai ragu, shi muka gani a wasu garuruwa. In bai ragu a nan ba, ni zan zo da bakina in faɗa muku."

Ya sha jin alkawarin 'yan siyasa, bai taɓa jin wanda ya faɗi iyakar saninsa ba. Tun daga ranar ya fara ƙera mutum-mutumin sauro, ya dame ta da tambaya: gaɓa nawa a ƙafa, ina fiffike yake haɗuwa da jiki. Duk inda ya yi ƙari don ado sai ta sa ya warware, shi kuma ya hana ta zaɓar fenti, ya ce idonta na asibiti ne.

Ranar Kanabal sauron ya sauko gangare a kan ƙarti huɗu, fukafukansa na gidan sauro suna kaɗawa, masu busa na biye, yara na ihu. Lindalva na tafe a ƙarƙashinsa da 'yar lema irin ta masu rawa a hannu, gumi sharkaf. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya jefa mata tambaya. Ta amsa wa uwaye, ta amsa wa mashaya, har wanda ya ce ko sauron nata zai iya cizon maigidansa kaɗai. Genivaldo na gefe yana kallon yadda muryarta ta dushe ba ta gaji da mutane ba.

Da ƙungiyar unguwa ta zauna, masu yarda da sakin sauron suka rinjaya, duk da akwai gidajen da suka rufe tagoginsu. Genivaldo ne ya buɗe kwalbar farko a ƙofar rumfarsa, kafin yamma an cije shi a wuya. Damina ta gaba layin asibitin ya ragu, Lindalva ta zo ta ce a dakata da murna sai an ga wata shekarar. Makarantar firamare ta karɓi mutum-mutumin sauron ta rataye a zaure, shi kuwa Genivaldo ya aika wa Lindalva cewa ta zo masa da tururuwa, ita zai ƙera baɗi.